In sayi saba in aje a shagona nan Maradi, ko in ci gaba da haya a waje?

"Salamu alaikum yaya, ina wuni, ya zafi. Dan Allah shawara nike nema. Ina yi ma mutane shafukan intanet nan Maradi, yanzu kiliyan ɗina sun kai 14, akwai lakkol biyu, da wani famasi, sauran ƴan kasuwa ne da ƙungiyoyi. Kowane wata sai na biya hostin, wato hayar wurin da shafukan ke zaune, a waje da yuro kuma kati na ba ni wahala. Na tara kamar miliyon 2 na sefa, shine nike tunanin in sayi babbar saba okaziyon in aje a shagona, in rarraba ta VPS VPS in dinga ba mutane haya, in haɗa da wurin ajiyar fayil irin na Google Drive. Zai yiwu? Wace manhaja zan sa, kuma disk nawa zan saya?"

Wa alaikumus salam ƙanena, lahiya lau, zafi kam sai haƙuri. Allah ya sa albarka a neman. In na fahimce ka da kyau, tambaya ukku ce ka ɗaure a ƙulli ɗaya: yadda ake raba saba guda, wato kwamfutar da shafuka ke zaune a kanta, ta zama da yawa, inda sabar za ta zauna, da yadda za ka riƙe bayanan mutane kar su salwanta a hannunka. Na ga hankalinka ya fi tafiya ga ta farko, to ita ce ma mai sauƙin, in ka zauna sati biyu da tsohuwar kwamfuta za ka iya ta. Sauran biyun su ne na ga suna rufe ma mutane shago, don haka a kansu zan fi daɗewa.

Raba saba, gidan haya ne

Ka ɗauka wani Alhaji ya gina ƙaton gida a Ali Ɗan Sofo ya yanka shi ɗaki goma, kowane ɗan haya da ƙofarsa da makullinsa, wannan bai san abin da ke ɗakin wancan ba, amma famfo ɗaya ne, kontar wuta ɗaya ce, ƙofar gida ɗaya. To haka abin yake. Sabar ita ce gidan, ɗakunan su ne ake kira VM, in ka ba da ɗakin haya sai ya zama VPS, manhajar da ke rabon kuma tana tsaye kamar mai kula da gida tana auna ma kowa furosesa da RAM da disk. Dabarar ta tsufa, IBM na yin ta tun shekarun 1960 a manyan injinanta, VMware da aka kafa a 1998 ita ta kawo ta kan irin sabobin da muke saye, Xen ya fito daga jami'ar Kambirij a 2003, sannan KVM ya shiga cikin Linux kansa a 2007. Yau duk furosesar saba tana zuwa da wanga taimako a jikinta, Intel na kiransa VT-x, AMD na kiransa AMD-V, abin da ya rage ka leƙa BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin ya gama tashi, ka tabbata a kunne yake.

Manhajar da zan ce ka sa ita ce Proxmox VE. Wani kamfani ne a Biyana ta ƙasar Ostiriya ke yin ta tun 2008, kyauta ce, sai in kana son tallafinsu ka biya. Da can mutane da yawa VMware suke bi, amma tun da Broadcom ta saye shi a Nuwamba 2023 aka daina sayar da lasisin saye sau ɗaya, aka koma biyan shekara shekara, ƙaramin mai hostin irinka ba shi da abin nema a can. Proxmox na ba ka ɗaki iri biyu. KVM ɗaki ne mai katangar siminti, yana da tsarinsa na kansa, ko Windows za ka iya sa mai. LXC kuwa kwantena ce, kamar ka raba falo da zana, ba ta cin RAM sosai amma dukkansu a kan zuciyar Linux ɗaya suke zaune. Ni ƙa'idata, abin da ni kaɗai zan taɓa ina sa shi a LXC, duk wanda zan miƙa ma makulli ya shiga da kansa sai KVM, don ban san me zai girka ba.

Amma tsaya ma tukuna, kiliyan ɗinka 14 ba VPS 14 suke buƙata ba. Shafin lakkol da na ƙungiya, hotuna ne da sanarwa, a wuni mutum nawa ke shiga? VM ɗaya mai RAM giga 8 da ka sa ma manhajar kula da shafuka irin HestiaCP ko ISPConfig za ta ɗauke su duka tana hutawa. cPanel ya fi daɗin hannu amma tun 2019 da yawan akawun suke lissafin kuɗinsa, kana ƙaruwa kuɗin na ƙaruwa. VPS ka bar shi ga wanda ke da manhajar aiki ta kansa, irin famasin nan in yana da lissafin magani.

Wajen rabo kuma akwai inda ake iya cika gida akwai inda ba a iyawa. Furosesa kamar famfon gida ce, ba kowa ke ɗiba lokaci ɗaya ba, don haka ko ka raba ninki ukku na abin da kake da shi yawanci lahiya lau. RAM ba haka take ba, in ta ƙare Linux zai kama VM ɗaya ya kashe ba sallama, kuma sau da yawa babbar ce yake kamawa, wato ta kiliyan ɗin da ya fi biyanka. In kana da giga 64, kar ka sayar da fiye da 48, sauran na Proxmox ne da ZFS, tsarin da ke kula da disk, wanda shi ma cin RAM gare shi.

Shagonka da wutar Maradi

Nan ne nike son ka buɗe kunne da kyau. Tsohuwar saba irin Dell PowerEdge ko HP ProLiant mai furosesa biyu, ka ɗauka tana jan wat 250. A wuni kilowat-awa 6 kenan, a wata 180, kuma ba a sa kilim ba, shi ko kilim ya fi ta ci nesa. Kuma dole ne, don iskar da ya kamata ta shiga bakin saba tsakanin digiri 18 zuwa 27 ake so, mu kuwa ka san Afirilu da Mayu sama da 40 muke wuni. Ga dare, in wuta ta tafi awa 12 sabar kaɗai na son kilowat-awa 3 a batir, ondiler ɗin ofis ɗin nan da muke saye minti goma yake riƙewa ya yi ƙara ya mutu. Sai ka koma ga panno da batir na litiyom da gurup, kafin ka ankara miliyon 2 ɗinka ta tafi a wuta tun ba ka ɗauki ɗan haya ko guda ba. Kar ka manta kuma wutarmu ta layin Katsina take shigowa ta Gazawa, kuma ka ga abin da ya faru a Agusta 2023 da Najeriya ta katse layi bayan takunkumin CEDEAO, watanni aka yi ana rabon wuta unguwa unguwa. Kiliyan ɗin da shafinsa ya faɗi ba zai tambayi NIGELEC ba, kai zai kira.

Sai ƙura. Na taɓa buɗe wata saba da aka aje a bayan kanta a wani ofis, ta yi hunturu biyu ba wanda ya leƙa ta. Da na ɗaga murfi, ƙura ja ta yi kauri a kan fankoki kamar an shimfiɗa bargo, in ka sa yatsa sai ta tashi a dunƙule, fankokin na kuka kamar jirgi zai tashi, disk biyu sun kunna jan fitila. Ma'aikatan suka ce ai tun bara take wannan ƙara sun saba. Wannan a ofis mai ƙofar gilas kenan, to ina ga shago a bakin hanya da kabu kabu ke wucewa.

Rezo kuma shi ne babba. Mai hostin loda abu yake yi zuwa waje, alhali yawancin layukan da ake sayar muna saukewa suka fi ƙarfi. Kana buƙatar lambar IP, wato adireshin injinka a intanet, taka ta kanka wadda ba ta canzawa, ga shi layin waya da ƙananan abonma kusan duk suna cusa mutane da yawa a bayan lamba ɗaya, abin da ake kira CGNAT, daga waje ba mai iya ƙwanƙwasa ƙofarka. Starlink ma da ya shigo a 2025, tsarinsa na gida haka yake. Kuma kai VPS kake son sayarwa, kowane ɗaki na son lambarsa, su kuwa lambobin IPv4 sun yi tsada a duniya, AFRINIC da ke Morishiyos ita ke rabon na Afirka kuma ba ta miƙa ma mutum haka kawai, sai mai kamfani da ya nuna buƙata ya biya kuɗin shekara. In ka ce za ka aika imel ɗin kiliyan daga lambar layin gida, Gmail zai jefa shi kwandon shara ko ya ƙi karɓa gaba ɗaya.

Akwai wani abu da mutane ke zato, wai in sabar na Maradi to shafi zai fi saurin buɗewa ga ƴan Maradi. Ba lalle ba ne. In sabarka na kan layin kamfani ɗaya, mai buɗewa na kan Airtel ko Moov ko Zamani, saƙon na iya fita ƙasa ya zago kafin ya dawo unguwarku. Gwada da kanka, ka buga traceroute, umarnin da ke nuna hanyar da saƙo ya bi, daga wayar wani kamfani zuwa lambar shagonka ka ƙirga garuruwan da ya ratsa.

To shawarata a fili: abin da duniya za ta buɗe, ka aje shi inda aka gina domin haka. Ka yi hayar saba sukutum a Hetzner a Jamus ko OVH a Faransa, ka girka Proxmox da hannunka, ka rarraba ta yadda kake so. Gidan hayar naka ne, filin ne kawai na wani, wuta da sanyi da canjin disk in ya mutu duk a wuyansu. Kuma mu muna da sa'a ɗaya da ƴan'uwanmu na tsallaken Jibiya ba su da ita, sefa a ɗaure take da yuro, yuro 1 wajen sefa 656 ba ta motsi, za ka iya yanke ma kiliyan farashin shekara ba fargabar canji. Ka yi lissafi, in ka samu saba ta yuro 50 a wata, wajen jika 33 kenan, miliyon 2 ɗinka hayar shekara biyar ce. Wahalar kati kuwa maganinta ka daina karɓar kuɗi wata wata, ka karɓi na shekara a hannun kiliyan, ka zuba a katin Visa da ake lodawa, ka biya gaba, kuma ka sa ranar ƙarewar katin a kalandarka don na ga wanda aka rufe ma saba saboda kati ya ƙare bai sani ba.

Abin da ya dace ya zauna a Maradi

Ba cewa nike kar ka aje komai a gida ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka katse a wajen gaɓar Kodebuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, intanet ya durƙushe a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, mu ko ba mu da teku ta ƙasashen maƙwabta muke sha. Famasin da kes ɗinsa ke Jamus, ranar irin wannan da biro da takarda zai sayar da magani. Don haka lissafin famasi, rajistar ɗalibai da makinsu, ajiyar fayil na ofis, waɗannan a cikin ginin mai su ya kamata su zauna. Ƙaramar kwamfuta ɗin nan mai kamar kwalin sukari, wat 20 zuwa 30 take ci, ka sa mata disk biyu na SSD da Proxmox da Nextcloud, wato manhajar ajiyar fayil irin Google Drive, ondiler mai ɗan batir babba zai riƙe ta awanni, ba ta neman kilim in ɗakin na da iska. Ka haɗa ta da sabarka ta waje da WireGuard, manhajar da ke buɗa hanya a kulle tsakanin inji biyu, kana duba ta daga shago, da dare tana tura kwafi. Wlh a ganina nan kasuwarka take, don Hetzner ba zai hau babur ya tafi Tasawa ko Madarunfa ya gyara ma darakta injinsa ba, kai za ka iya.

Maganar disk da kwafin ajiya

Ka ce disk nawa. Ga sabarka biyu sun isa farawa, NVMe ko SSD, a haɗa su madubi da ZFS, duk abin da aka rubuta a ɗaya yana ɗayan. Haɗa disk su yi aiki tare shi ake kira RAID, in kana da huɗu ka yi RAID 10, wato madubi biyu a haɗe. RAID 5 da manyan disk ka guje shi, in ɗaya ya mutu sake ginin na ɗaukar kwanaki kuma a lokacin ne na biyu ke son bin sa, tunda tare aka saye su tare suka tsufa. In sabar na da katin RAID, ZFS ba ya son sa a tsakani, sai a mayar da shi HBA, wato ya miƙa disk ɗin kai tsaye ba ya haɗa su. Za ka ji ana yabon Ceph, mai haɗa disk na sabobi da yawa su zama ma'ajiya ɗaya, gaskiya abu ne mai kyau, amma saba ukku yake so mafi ƙaranci da layin giga 10 tsakaninsu, kuma kwafi ukku yake ajewa, ka sayi tera 12 ka mori 4. Ba naka ba ne yanzu.

Abin da nike roƙonka ka riƙe shi ne RAID ba kwafin ajiya ba ne. In kiliyan ya goge fayil, a disk biyun ya gogu. In ƙwayar cutar nan mai kulle fayil tana neman fansa ta shiga, biyun za ta kulle. Hoton disk da Proxmox ke ɗauka nan take shi ma a jikin disk ɗin yake zaune. Manomi ba ya zuba hatsin shekara da iri a rumbu ɗaya, ƙa'idar da muke bi kenan, kwafi 3, a kan abu iri 2, guda 1 a wani gari daban. Daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ginin OVH ɗaya a Sitirasbur, kamfanin da ya fi kowa girma a Turai a wannan sana'a, kuma waɗanda kwafinsu ke cikin ginin ɗaya da sabarsu sun rasa komai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka san abin yi.

A aikace, ka sa Proxmox Backup Server a wani kamfani daban da na sabarka, abin da ya canza kaɗai yake turawa, yana kulle bayanan tun kafin su bar wurinka. Makullin nan ka buga shi a takarda ka aje gida wurin takardun fili, in ya ɓace kwafin ya zama shara ko a hannunka. Kwafi na ukku ka jefa a ma'ajiya irin ta S3, wadda Amazon ta fara a 2006 yanzu kowa na kwaikwayon ta, akwai Backblaze B2, Wasabi, Cloudflare R2. Kafin ka zaɓa ka duba kuɗin fitar da kaya ba na ajewa kaɗai ba, wasu shiga da arha fita da tsada, R2 dai ba ya cajin fita. Sannan ka yi lissafin lokaci, tera 1 a kan layin mega 10 kwana tara ne da ƴan awanni ba tsayawa. Shi ya sa injin da ke Maradi dole ya samu kwafi a Maradi, disk biyu na USB ana musanya su duk Juma'a, ɗaya na ofis ɗaya na gidan mai ofis.

Bari in ba ka wanda ya same ni. Wata makaranta da nike kula ma injinta, na sa mata kwafi kowane dare zuwa disk na waje, na gwada ya yi, na tafi hankalina kwance. Ana saura sati biyu a raba buletin disk ɗin ciki ya mutu. Na zo na jona na wajen, sai na ga kwafi na ƙarshe na wata huɗu baya ne, ashe disk ɗin ya cika, aikin na faɗuwa kowane dare, saƙon gargaɗin kuma na tafiya wani imel da ba mai buɗewa. Har yau ina tuna fuskar sakatariyar, ta zauna ta dafe kai ba ta ce komai ba. Kwana huɗu muka yi da malamai suna kawo kayensu na maki muna sake bugawa ɗaya bayan ɗaya. Laifina ne, na sa kwafi ban koma na gwada maidowa ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ranar, farkon kowane wata ina ɗaukar VM ɗaya in maido ta a gefe in kunna in shiga in gani da idona, gargaɗi kuma a wayata yake shigowa, in dare ya wuce ban ga saƙon an gama ba da asuba nike dubawa.

Shi kuma wurin ajiya irin Google Drive da kake son sayarwa, ka yi hattara da farashi. Google na ba kowa giga 15 kyauta, ba za ka yi gasa da shi a giga ba. Abin da za ka sayar shi ne kai kanka, ka girka, ka koya ma ma'aikata da Hausa, in fayil ya ɓace a kira ka ka maido.

Sai doka. Bayanan ɗalibai da na marasa lahiya amana ce kuma ƙasar nan na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP a Yamai mai kula da ita, fitar da irin waɗannan bayanai ƙasar waje na da sharuɗɗa. Ni mai gyaran inji ne, wannan fagen ka nemi hukumar ko lauya kafin ka ɗauki famasin. Kuma kowane kiliyan ku rubuta takarda, nawa ne, kwafi na kwana nawa kake riƙewa, in abu ya faɗi cikin awa nawa za ka tayar. Ka lura kuma duk abin da na faɗa maka daga aikin ƙananan wurare ne, saba ɗaya zuwa biyar, ranar da Allah ya buɗa maka kiliyan suka kai ɗaruruwa lissafin zai canza, lokacin za a yi maganar saba ukku a haɗe da lambobin IP naka.

Da ni ne da kuɗinka, zan ware hayar shekara ɗaya ta saba da ta wurin kwafi, in sayi ƙananan kwamfuta biyu da SSD da ondiler, ɗaya ta famasi ɗaya ta gwaji a shago wadda zan dinga lalatawa ina gyarawa har hannuna ya faɗa, sauran kuɗin in bar su ba taɓawa saboda ranar da wani abu zai ƙone. Kwashe shafukan kuma kar ka yi shi dare ɗaya, fara da na ƙungiyar da ba ta da cunkoso, ka bar tsohon hostin na aiki wata guda a gefe, lakkol ɗin ka bari sai an yi hutu. Ka turo min girman shafukan 14 ɗin gaba ɗaya a giga, da sunan manhajar da famasin ke aiki da ita ko Windows take so, sai in faɗa maka RAM nawa za ka nema.